Daminar da Muka Yi Laraba Uku a Asibiti

Ruwan da aka jera kwana huɗu ana yi bana shi ya tono mini wannan zance. Makon jiya na raka 'yata Saudatu wani asibiti a Daura, za a yi wa ɗanta na fari aikin kaba. Muna sauka daga mota ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da warin maganin da suke goge daɓe da shi, sai na tsaya cak. Saudatu ta waiwayo ta ce, "Umma, lafiya?" Na ce mata gwiwa ce. Ƙarya na yi, gwiwata lafiya lau take.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, lokacin ba a daɗe da fara shari'a a jiharmu ba, ko'ina ka kunna rediyo zancenta ake yi. Ina zaune a ƙauyen mijina can bayan Mai'adua ta hanyar Kongolam, da ɗa ɗaya a duniya mai shekara huɗu, ga ƙaramin cikin Saudatu. A wurinmu ɗan fari ba na uwa ba ne. Ranar da aka yaye shi surukata, wadda kowa ke kira Inna, ta zo da zanen goyonta ta ɗauke shi, ɗakinta ya zama ɗakinsa. Ban taɓa kiran sunansa ba. In dole ta kama sai in ce "ɗan Inna". In ya faɗi a tsakar gida ya fashe da kuka, tankaɗena nake ci gaba da yi kamar ban ji ba, alhali kunnena na wurinsa. Mata na cewa Habi akwai kunya, ni kuwa ina jin daɗin yabon nan, ba zan ɓoye ba.

Kada wani ya ɗauka Inna muguwa ce. Duk faɗin ƙauyen ba wanda aka so kamar yadda ta so yaron nan. "Maigidana" take ce masa. Takan zaunar da shi a cinya tana tsokanarsa, wai wannan miji nata bai san hanyar kasuwa ba sai hanyar akushi, za ta kai shi gaban alƙali a raba auren. Shi kuma ya kama kunnenta ya ce bai yarda ba.

Daminar da ta gabaci wannan ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya a tsaye ya bushe. Tun kafin a yi shuka muka ga gindin rumbu. Da gona ta isa noma kuwa, abin sai addu'a. Da safe in dama kunu tsararo, wanda in ka leƙa ƙwarya kana hango ƙasanta. Inna ta ɗauki kwando ta shiga bayan gari tsinkar tafasa da rama, mu dafa mu matse, mu kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri da barkono sun isa. Tuwo sai bayan kwana biyu, shi ma rabinsa dusa. Malam, wato mijina, da ƙannensa su yi wa mutane ƙwadago da safe a biya su da kwanon hatsi, da yamma su koma tasu gonar da abin da ya rage musu na ƙarfi. Duk abin da aka samu, Inna sai ta cire na maigidanta tukuna.

A cikin wannan hali kabar ta fito fili. Wani ƙullutu ne a matsematsinsa na dama, in ya yi kuka ko tari sai ya taso kamar ƙwan zabuwa. Inna ta gasa hannunta a bakin murhu, ta shafa man shanu, ta lallaɓa shi ya koma ciki. Da ya fara daɗewa kafin ya koma, Malam ya kai shi ɗakin shan magani a Mai'adua. Ma'aikacin wurin ya ce ba aikin ƙwaya ko allura ba ne, ya rubuta takarda ya ce sai Daura.

Mu huɗu muka je, ni da Malam da Inna da yaron. Aka duba shi, aka yanka mana kati. Wata nas doguwa baƙa, ana ce mata Sista Mairo, ta leƙo ta ce uwar yaro ta shigo. Na sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Ita ta haifa, amma ni ce uwar." Sista ta ce wadda ta haifa take nema, mutum ɗaya kawai. Haka na shiga ina jin kamar na yi sata. Ta ce mini likitan da ke yin aikin daga Katsina yake zuwa, ranar Laraba kaɗai. Tun daga barcin daren Talata kada komai ya wuce maƙogwaron yaro, ko ɗigon ruwa, don in aka sa shi barci da abu a ciki yana iya yin amai ya shaƙe. Ta ce, "Kin ji da kyau? A hannunki na sa shi." Na ce na ji. Na fito na maimaita wa Inna, idona a ƙasa, ta ce ai ba kurma ba ce ita, ta jiyo daga bakin ƙofa.

Laraba ta farko mu huɗun muka fito bayan sallar asuba. Gero ya kai gwiwa, raɓa ta jiƙa mu sharkaf kafin mu kai bakin titi. Mun zaci mun yi sammako, ashe mu ne 'yan baya. Benci ya cika, baranda ta cika, sai gindin wata darbejiya muka samu muka shimfiɗa zane. Ɗakin aikin ɗaya ne tak, kowa da kowa nan zai shiga. Tsofaffi masu gwaiwa, magidanta, mata, duk katinsu a sama, na yara a can ƙasa, wai nasu ba ya ɗaukar lokaci, a ƙarshe za a share su gaba ɗaya. Ban san wanda ya tsara haka ba, amma na tabbata bai taɓa zama da yaro mai jin ƙishirwa ba.

Rana ta fito bayan ruwan daren jiya, irin ranar nan mai dafa mutum, ƙasa na tururi, ko ganye ba ya motsi. Tun da hantsi yaron ya fara cewa ruwa. Akwai famfo a gefen baranda yana ɗiga, ya kafa masa ido. A bakin ƙofar asibitin wata mata na suyar ƙosai, iska ta riƙa kawo mana ƙamshin. Inna ta yi masa tatsuniya, ta yi masa waƙa, ta goya shi ta zagaya da shi. Ita ma ta ƙi sa komai a bakinta, har goron da ba ta rabuwa da shi ta ƙulle a gefen zane, ta ce ba za ta tauna ba mijinta na kallo. Ni ina can gefe, na juya musu baya, ina jin kowane "Inna, ruwa" yana shiga ƙirjina.

Aka yi azahar, aka yi la'asar. Can sai ga likita ya fito, wani siririn mutum, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya ɗaga kai ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗowa. Ya ce ba zai iya ƙara ko ɗaya ba, gobe yana da wasu a Katsina. Yara huɗu aka bari a gindin bishiya. Aka ce sai Laraba mai zuwa. Yaron ya kafa baki a famfon nan ya sha, ya sha, har ya dawo da shi.

A makon ne marka ta sauka. Ruwa ba ƙarfi, ba tsayawa, yini guda yana zuba kamar ana tankaɗe. Itace ya jiƙe, in na hura wuta hayaƙi ne kawai ke cika ɗaki har idona ya yi ja. Katangar bayan gida ta zube. Tufafi ba sa bushewa, tabarma na warin ruma. Ciyawa kuwa ta samu abin da take so, ta taso ta kama gero a wuya. Maza suka koma gayya, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, mu mata muna bin su da ƙwaryar kunu a ka, laka har idon sawu. Yinin da Malam ya yi a asibiti ya sa an tsallake gonarmu a zagayen, don haka ya ce Laraba ta biyu mu je ni da Inna. Ban ga laifinsa ba. In ciyawa ta ci gonar, duk gidan ne za mu kwanta.

Muka je cikin ruwa, buhu ɗaya muka lulluɓa mu uku. Likita bai iso ba sai wajen sha ɗaya, hanya ta hana. An yi mutum biyu ke nan aka shigo da wata mata a kwance, ta kwana biyu tana naƙuda, jini har ƙasa. Aka wuce da ita. Wa zai ce a'a? Ni da ke ɗauke da ciki har addu'a na yi mata. Ana gama nata aka ɗauke wuta, aka tsaya neman mai tada injin wuta, sannan aka ce sai an dafa kayan aikin sun huce. Sanyi ya hana yaron kuka a ranar. Ya kwanta lamo a jikin Inna, leɓɓansa sun bushe sun tsage duk da ruwan da ke zuba a gabanmu.

Da aka sake sallamar mu, Sista Mairo ta fito ta tsaya a kanmu. Ta dubi bakin yaron, ta ja tsaki, ta ce, "Wannan wace irin rayuwa ce? Babba ya san dalilin da ya sa aka hana shi ruwa. Wannan me ya sani?" Ta karɓi katin daga hannuna, ta yi masa alama da jan biro. "Laraba mai zuwa shi ne na farko. Ko mai babbar riga ne ya zo, ya jira. Ku dai ku zo da wuri, ciki ba komai."

Muka kamo hanya har muka sauka daga mota. Sai da muka shiga gonaki Inna ta ce, "Habi, sau biyu ana kai mutum bakin ƙofa ana maido shi, wannan ba banza ba. Akwai baki a kan yaron nan." Washegari ta ɗauki 'yar kazarta guda da ta rage ta kai wa liman, ya yi rubutu a allo, aka wanke aka zuba a kwalba. Kullum da safe ta tsiyaya masa a ɗan ƙoƙo ya sha, ta shafa masa sauran a ka. Ban ga komai a ciki ba, ni ma da rubutu aka raine ni. Abin da ban sani ba, ta rage na ƙarshe ta ajiye don ranar aiki.

Laraba ta uku gari ya waye tas, sama wankakkiya. Mu muka fara isa, ko mai shara bai zo ba. Sista Mairo ta iso ta gan mu, ta yi murmushi, ta ce likita ya kwana a gari, yanzu za a fara. Ta shige ciki. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara tunanin kunun da zan dama masa in mun koma.

Sai na ga Inna ta kwance gefen zaninta ta fito da kwalbar da ɗan ƙoƙon.

Tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Na san abin da aka faɗa mini, da kunnena na ji, ko ɗigon ruwa. Na kuma san a wurin Inna wannan ba ruwa ba ne, ayar Allah ce, kuma ita da ta yi azumi biyu tare da shi ba za ta cuce shi ba. Maganar ta taso har bakina. To, ta yaya? In buɗe baki in ce wa uwar mijina ta dakata, a kan ɗan fari, ga mutane sun fara taruwa? Shekara huɗu ban taɓa cewa a ba shi ko a hana shi ba. Harshena bai san hanyar ba. Na ce a raina bari ta ɗaga kai mu haɗa ido, ta gane. Ba ta ɗago ba. Ta yi bisimilla ta kafa masa ƙoƙon, ya shanye tas, ya lashe baki, ya ce, "Inna, ƙara." Ni kuwa na kau da kai ina kallon famfo.

Ba a jima ba aka kira mu. Na shiga da shi, aka cire masa riga, aka ɗora shi a wani gado mai taya. Sista na rubutu tana tambaya ba tare da ta dube ni ba. "Ya ci wani abu?" Na ce a'a. "Ya sha wani abu?"

Da na ce a'a, da an tura gadon nan. Na sha auna wannan a raina. Amma na tuna ta ce yana iya shaƙewa, ga kuma baƙin tawada a gefen bakinsa. Na ce, "Rubutu ne kawai."

Ta ajiye biron. "Yaushe?"

"Yanzu."

"Kamar yaya yawansa?"

Na nuna mata da tafin hannuna. Ta dafe kai ta ce, "Haba baiwar Allah! Ba ke na gaya wa ba? Kina ina aka ba shi?" Na ce ina wurin. Ta dube ni, ina jin ta gane ɗan fari ne, ni kuma kunyarsa nake yi. Ta shiga ciki wurin mai sa barci. Ina jiyo muryarta tana roƙo, shi kuma yana cewa ba zai ɗauki ran ɗan mutane a hannunsa ba, dokar da aka ba shi ke nan. Ta fito ta ce an yarda a mai da shi ƙarshe, kafin yamma cikin ya sauka, in lokaci ya kai za a yi. Aka maida masa rigarsa, aka kira wani dattijo ya hau gadon.

Muka koma gindin darbejiya. Yaron ya sake yini ba ci ba sha. Mutane sun fi na kullum yawa a ranar, don na makon jiya sun haɗu da na yau. La'asar ta yi, likita ya fito ya shiga mota. Sista Mairo ba ta ma iya zuwa ta gaya mana da bakinta ba, wata ta aiko.

A mota Inna ta ce, ba da ƙarfi ba, "Yanzu sunan Allah ne zai hana a yi wa mutum magani?" Can ta ƙara da cewa, "Ke kuma da kin yi shiru." Har yau ban san inda na fi yin laifi ba, a gindin bishiya ko a cikin ɗakin.

Ranar Litinin da hantsi, saura kwana biyu Laraba ta huɗu, ina surfe na ji ƙarar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Ƙullutun ya fito ya yi tauri kamar dutse, ya yi ja. Inna ta gasa hannu, ta shafa mai, ta lallaɓa, ya ƙi komawa. Ya fara amai, na farko kunu, na biyu wani abu kore. An kwana ana ruwa, mazan gidan duk suna gonar jeji wajen maimai, wato noma na biyu. Maƙwabcinmu ne kaɗai mai babur a unguwar, shi kuma a shekarun nan ana ta wa'azi a kan namiji ya goya matar wani a babur, ya ce ba zai iya ba, amma zai je ya ɗauko Malam ya ba shi babur ɗin. Ya tafi. Muka zauna muna jira, ba abin da za mu iya. Inna na tofa addu'a, ni ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da taɓarya, na ma manta ban ajiye ta ba.

Sai bayan azahar suka iso. Inna ba ta iya hawa babur. Ta ɗago yaron da kanta, ta ce in juya. Ta ɗora mini shi a baya, ta ɗaure zanen da hannunta, ta ja ta ƙulle. Ta ce, "Karɓi ɗanki, Habi." Tun ranar yaye ban ƙara jin nauyinsa a bayana ba. Jikinsa zafi kamar garwashi.

Ƙoramar da ke tsakaninmu da titi ta cika. Malam ya tura babur, ni na ratsa da ƙafa, ruwa har ƙugu, ga ciki a gaba ga goyo a baya. Muka isa Daura wajen la'asar. Sista Mairo na nan. Tana ganinmu ta gane, ba ta tambayi kati ba. Ta ɗaura masa ruwa a hannu, ta ce hanji ne ya maƙale, kuma ba mai iya buɗe shi a nan sai likitan Laraba, yau kuwa Litinin. Ta fita da kanta ta tsayar mana da motar Katsina, ta ba Malam ledar ruwan ya riƙe a sama.

A motar yana kwance a cinyata. Ya daina kuka, numfashi kawai yake sama-sama. Gonaki na wucewa ta taga, gero ya yi kore shar, ya fara fitar da kai. Na duba, ba Inna, ba matan gari, ba wanda ya san ni. Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Isuhu." Sau ɗaya ke nan a rayuwata. Ya buɗe ido ya dube ni, irin kallon da ake yi wa baƙo ya kira sunanka. Ya ce, "Ina Inna?" Na ce tana gida tana jiran maigidanta. Ya lumshe ido. Ba mu kai rabin hanya ba Malam ya sauke hannunsa da ledar, ya ce wa direba ya tsaya.

Da aka zauna makoki, Inna aka yi wa gaisuwa. Ita aka kewaye, ita aka ba haƙuri. Ni ina ƙuryar ɗaki, in mace ta leƙo ta ce "ya haƙuri" in amsa a hankali, don ba a ganin hawayen uwa a kan ɗan fari. Sai in na je ɗebo ruwa ni kaɗai nake yin nawa. Inna ba ta ƙara tada zancen rubutun ba, ni ma haka. Shekara uku muka ƙara tare, ina dafa mata tana sa mini albarka, maganar na nan tsakaninmu ba wanda ya taɓa ta.

Abin haushi, a shekarar aka yi amfanin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Bai fi mako uku da rasuwarsa ba gero ya nuna. Malam ya karyo tumun farko ya kawo gida kamar yadda aka saba, Inna ta gasa, ta murje a tafin hannu, ta hure. Sai ta tsaya da shi a hannu tana dube-dube a tsakar gida. Daga ƙarshe kajin maƙwabta ta watsa wa.

To, makon jiya ga ni kuma a baranda, ruwa na zuba. Abubuwa sun sake. Tun ana gobe aka kira Saudatu a waya aka gaya mata ƙarfe nawa zai daina cin abinci, ƙarfe nawa za su zo. Yara bencinsu daban, kowanne da 'yar takarda ɗaure a hannu, kuma su ake fara shigarwa kafin manya. Saudatu kuwa, ɗan fari ko ba ɗan fari ba, ta rungume abinta tana sumbata a gaban kowa, tana kiran sunansa da ƙarfi, har ta tare wata nas tana tambayar dalilin da ya sa aka sa su na uku ba na biyu ba. Na ce mata, "Ke dai ba ki da ta ido." Ta ce, "Umma, ɗana ne fa." Sunan wanta da ba ta taɓa gani ba mijinta ya yarda aka sa wa yaron. Su suna cewa Yusuf, ni Mai-suna nake ce masa.

Ni ma na zo da kwalbar rubutu a jakata, ba zan fasa ba. Na tsiyaya a hannu na shafa masa a ka da ƙirji, na rufe sauran na mayar. Ina cikin haka sai ga wata yarinyar nas da ƙaramin kofi, ta tsuguna ta miƙa masa. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Na ce, "Ke! Aiki za a yi masa!" Ta yi dariya ta ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Ruwa ne zalla, kuma da sauran sa'a biyu kafin nasa. Yanzu ba ma barin yara da ƙishirwa." Na sake ta. Ya shanye, ya miƙa mata kofin. Na so in tambaye ta ko ɗan ƙoƙon rubutu ma haka ne, sai na ga ko ta ce e ko ta ce a'a ba inda zan kai amsar.

Kafin hantsi ya ɗaga aka shiga da shi. Muka zauna ni da Saudatu, tana ta danna waya, ni ina kallon ruwan da ke sauka daga indararo. Ko sa'a guda ba a yi ba ƙofa ta buɗe, nas ɗin ta leƙo ta ɗaga murya ta ce, "Maman Yusuf! An gama, ya farka, yana neman ki."

Sai ga ni tsaye. Na riga Saudatu miƙewa, har na yi taku biyu. Ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Je ki, ke ake kira." Ta wuce da gudu, ni kuma na koma na zauna a bencin.